Digirin Tuzuru Mai Totur

Idan aka bi sunan kalma bayan kalma, abin da jami'o'in Amurka ke tallata wa ma'aikata masu iyali shi ne "digirin tuzuru da aka taka wa totur". Su da bakinsu "accelerated bachelor's degree" suke cewa, sannan su ƙara bayani cewa na manya ne masu aiki. Kalmomi uku ne kacal, amma kowacce ta sha tafiya kafin ta iso allon talla, kuma babu wadda ta iso da kayan da ta baro gida da su.

Shi tsarin ba shi da wuyar bayani. Ma'aikaciyar jinya ce, ko ɗan sanda, ko akawun banki, an haura shekara 25, ga 'ya'ya ga kuɗin haya. Maimakon darussa biyar a lokaci guda na tsawon mako 15, sai a ba mutum darasi ɗaya tak, ya gama shi cikin mako biyar zuwa takwas, ya ɗauki na gaba. Aji sau ɗaya ne a mako, galibi daga ƙarfe shida na yamma zuwa goma na dare, ko kuma ta intanet bayan yara sun yi barci. Dogon hutun tsakiyar shekara babu shi. Tun shekarun 1970 ake wannan a can.

A fara da tuzurun. Bahaushe ya raba marasa mata gida biyu: tuzuru ya isa aure bai taɓa yi ba, gwauro kuwa ya taɓa ajiye mace, yanzu babu. A tashen watan azumi a Kano, gwauraye ne Nalako ke hana wa sakat. "Bachelor" na Ingilishi tuzuru ne. Sai dai rashin aure reshe ne kawai, ba shi ne gindin kalmar ba.

A tsohon Faransanci, "bacheler" matashin barde ne wanda bai tara mabiyan da zai ɗaga tutar kansa ba, sai dai ya bi tutar wani. Ƙungiyoyin masu sana'a suka ari kalmar suka laƙaba wa ƙaraminsu da bai zama maigidan kansa ba. Jami'ar Paris ita ma ta ara a ƙarni na 13, ta ba ɗalibin da ya taka matakin farko, wanda ya san wani abu amma ba a sallame shi ya buɗe nasa ajin ba. Abu ɗaya ya haɗa su ukun: kowannensu yaron wani ne, bai tsaya da ƙafarsa ba tukuna.

Da Latin "baccalarius" ake rubutawa. Daga baya malaman jami'a, waɗanda ba sa ƙin ado, suka ɗan murɗa ta ta koma "baccalaureus", don kunne ya ji "bacca lauri", wato 'ya'yan itacen nan da Girkawa da Rumawa ke naɗa wa gwanaye ganyensa a ka. Asalin aro ne, an ƙera shi bayan kalmar ta girma.

Akwai kuma masu nazarin Larabci a Ingila da suka kawo wata shawara mai daɗin ji, wai daga "bi haƙƙir riwaya" take, lafazin da ke nufin an ba ɗalibi ikon ruwaito abin da ya karanta a gaban malaminsa. Manyan ƙamusoshi ba su karɓa ba. Da son raina za a bi da na karɓa, amma kamar sauti ba shaida ba ce. Da shaida ce, da digiri ƙanen dogari ne.

A ƙarni na 19, da aka fara buɗe wa mata kwalejoji a Amurka, wasu sun ji nauyin kiran budurwa tuzuru, sai suka ƙirƙiro laƙabi irin su "uwargijiyar adabin Ingilishi". Bai ɗore ba. Yau mata sun fi maza yawa a jami'o'in ƙasar, kuma uwar 'ya'ya huɗu kan karɓi takardar da ta kira ta tuzurun kimiyya, babu mai ko murmushi.

A kan iyakarmu kalmar ta yi wani abin mamaki. A Maraɗi ko Damagaram, wanda ya ci "bak" sakandare ya gama, domin "baccalauréat" ɗin da Napoleon ya tsara a 1808 ƙofar shiga jami'a ce. A Katsina kuwa, 'yar'uwarta ta jini ƙofar fita ce. Digirin farko a Nijar "lisans" ne, shekara uku, daga "licentia" ta Latin, ma'ana izini. Lasisin tuƙi da lisans na Jami'ar Abdou Moumouni uwarsu ɗaya. Larabawa ma kansu ya rabu: a Masar mai kimiyya "bakaloriyus" yake karɓa, mai adabi ko shari'a "lisans", a Maroko da Siriya kuwa "ijaza" ake cewa, kalmar da kowane ɗan zaure ya sani.

Hausa ta kauce wa tuzurun gaba ɗaya. Mun ce digiri, ko digirin farko, shi ke nan. Tushen kalmar "gradus" ne, taki ko matakala. Da Larabci "daraja" ake cewa, ita ma matakala ce tun asali, mu ne muka ɗauki martabar muka bar tsanin. Da aka zo na biyu da na uku kuwa, wani gwani ya ce digirgir da digirin digirgir. Ya yi wa harshen hidima, don kunnen Bahaushe na jin digirgire a ciki, ɗaukar kaya a ka ba tare da hannu ya tallafa ba.

"Makaranta" ba ta ɓoye komai ba, wurin karatu ce. "School" ta Ingilishi da "école" ta Faransanci kuwa daga "scholē" ta Girkanci suke, kuma ma'anarta hutu, sararin da babu aiki a cikinsa. A wurin mutanen Atina, neman sani abu ne da ɗa ke yi da lokacin da bayinsa suka rage masa. Makarantar masu aiki ke nan, in aka tono asali, tufka da warwara ce: hutun marasa hutu.

Su kansu masu karatun an sha wuya wajen raɗa musu suna. Amurka ta daɗe tana cewa "nontraditional", wanda ya saɓa al'ada, suna ne da ke faɗin abin da mutum bai zama ba. Ingila ta ce "mature student", nunannen ɗalibi, ga wanda ya fara digiri yana da shekara 21 ko fiye, abin da ke nuna sauran ɗanyu ne. Mu muna da "ilimin manya", kuma kafin shi Arewa ta yi Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, suna mai ƙarfi, mai ɗaci kuma ga wanda aka zaunar a ajin. Amma ilimin manya a kunnenmu abacada ne da ƙirga, ba zai ɗauki nauyin digiri ba.

Masana fannin sun ƙera tasu. "Pedagogy" daga bawan Girkawa take, mai raka yaro makaranta. Wani malamin Jamus, Alexander Kapp, ya yi mata kishiya a 1833, ya ce "andragogy", kuma Malcolm Knowles ya yayata ta a Amurka daga ƙarshen shekarun 1960. An so a ce jagorancin babba, amma "andros" namiji ne zalla. Tuzuru a takarda, namiji a ka'idar koyarwa, ajin kuma ya fi cika da mata.

Yawancin waɗanda ake yi wa tallan nan ba baƙin jami'a ba ne. Rahoton National Student Clearinghouse na 2024 ya ƙirga Amurkawa miliyan 36.8 'yan ƙasa da shekara 65 da suka taɓa shiga kwaleji suka fita babu takarda. A da "drop-out" ake ce musu, waɗanda suka faɗo. Yanzu jami'o'in da ke neman kuɗinsu "stop-out" suke cewa, waɗanda suka dakata. Harafi biyu aka canza, faɗuwa ta koma yada zango.

In dai sai an yi maganar aure, to waɗannan gwaurayen jami'a ne. Sun taɓa ɗaurawa, zama bai yiwu ba, yanzu ana shiga tsakani. Shirye-shiryen da aka yi dominsu, masu neman mutum ya zo da kusan rabin digiri a hannu, Amurkawa na kiran su na ƙarasa digiri. Da ni aka tambaya, "digirin kome" zan ce.

Sai totur ɗin. "Accelerate" daga "celer" take, mai sauri. Direbobinmu ba ita suka ara ba, "throttle" suka ɗauka suka mayar totur, kuma ma'anar farko ta wannan kalmar a Ingilishi ita ce maƙure wuya, daga baya aka ba bawul ɗin da ke shaƙe iska da mai ko ya sake su. Wanda ya tashi aiki ƙarfe biyar ya shiga aji ƙarfe shida ya san ma'anonin biyu.

Ingilishi ya wuce da kalma ɗaya. Mai fassara zuwa Hausa ba zai samu wannan sauƙin ba, domin hanzarinmu kala-kala ne kuma kowane da hukuncin da yake ɗauke da shi. "Digirin sauri" bai zagi kowa ba, sai dai karin maganar na biye da shi, sauri ya haifi nawa. "Digirin gaggawa" shi ne zai fara zuwa bakin mai labarai, amma gaggawa ta asibiti ce da gobara, kuma an san wanda ake danganta ta da shi. "Digirin garaje" zagi ne tsagwaronsa. "Azama" tana da kyau, daga Larabci, sauri ne mai niyya a ciki, amma ta fi dacewa da ɗalibin fiye da tsarin.

Hanzari ta fi burge ni, saboda fuska biyu gare ta. Akwai hanzarin da ake yi da ƙafa, akwai wanda ake kawowa da baki, wato uzuri ko hujja. Magidancin da ya koma aji yana da shekara 38 ya zo da duka biyun: yana sauri, kuma yana da dalilin da ya sa bai gama tun yana ɗan 22 ba.

Gaggawa ma ta taɓa yin daidai. Bayan harin Pearl Harbor a Disamban 1941, jami'o'in Amurka sun soke dogon hutu suka koma karatu duk shekara, makarantun likitanci suka matse shekara huɗu ta koma uku, don yaƙi na jiran likitoci da injiniyoyi. Da aka gama, dokar tallafa wa tsofaffin sojoji ta 1944 ta kwararo mutum sama da miliyan biyu cikin kwalejoji, da yawansu da mata da 'ya'ya. A lokacin ne aka fara ɗaukar tambayar da muhimmanci: wanda ya shekara uku yana gyaran rediyon jirgin yaƙi, sai an zaunar da shi a ajin farko na lantarki?

Ba za a gane abin da ake taka wa totur ba sai an gane ma'aunin, kuma sunan ma'aunin kiredit. Mu mun san kalmar a wuri biyu, a sakamakon WAEC da a cikin waya. Tushenta "credere", ya yarda, ya amince. Bashi ma kiredit ne a Turance saboda yarda ce jarinsa. Jami'a ta ce ta yarda ka san abu kaza, ta rubuta a littafinta, wata jami'ar kuma ta karɓa ko ta ƙi. Harshen banki ne daga farko har ƙarshe: ana tarawa, ana turawa, ana asara. Koriya ta Kudu ba ta ma yi kara ba, a 1998 ta buɗe wani tsari ta kira shi bankin kiredit na ilimi.

Abin dariyar shi ne daga fansho ma'aunin ya fito. A 1905 attajirin ƙarfe Andrew Carnegie ya ba da dala miliyan 10 don a riƙa biyan malaman jami'a kuɗin ritaya. Gidauniyarsa ta rasa yadda za ta bambance kwaleji ta gaske da sakandaren da ta yi wa kanta babban suna, sai a 1906 ta kafa sharaɗi: kwalejin da ke son fansho kada ta ɗauki ɗalibi sai ya zo da awo 14, kowane awo kuwa sa'a 120 ce ta zaman aji a kan darasi ɗaya. Kowa na son fansho, kowa ya bi. Irin wannan ƙirgar ce ta mamaye jami'o'in kansu, har gwamnatin tarayya ta rubuta ta a ƙa'ida a 2010: kiredit ɗaya shi ne sa'a ɗaya a aji da aƙalla sa'a biyu a gida, kowane mako, na kimanin mako 15. Masu sukar tsarin na kiran sa lokacin kujera. Mu da ɗumama benci za mu ce.

A yi lissafi. Digirin Amurka kiredit 120 ne, kowane sa'a 45, jimla sa'a 5,400. Ma'aikacin da ya iya ware sa'a 20 a mako, ba hutu ba ciwo ba biki, zai buƙaci mako 270, wato sama da shekara biyar. In yana son gamawa cikin shekara biyu, sai ya ba karatu kusan sa'a 52 kowane mako, bayan 40 ɗin da ya ba ofis. Totur kaɗai ba zai kai shi ba. Duk tallan da ya ce wata 18 ko 24, to akwai wani abu da ake yi wanda ba gudu ba ne, kuma a ƙarƙashin suna ɗayan nan sana'o'i daban-daban ne suka fake.

Mafi tsabtar lissafi ita ce matse kalanda. "Semester" ma wata shida take nufi da Latin, alhali mako 15 ake yi, don haka akwai rara. Jami'ar Buckingham a Ingila, wadda aka buɗe a 1976, tana ba da digiri cikin shekara biyu ta hanyar yin zango huɗu a shekara. Kayan ba su ragu ba, hutun ne aka cinye. A 2019 gwamnati ta yarje wa jami'o'in Ingila su karɓi fam 11,100 a shekara kan irin wannan digirin maimakon 9,250 na wancan lokacin. Shekara biyu 22,200 ke nan, shekara uku 27,750. Ga mai son amsar "sauri ya haifi nawa?" da ɗaya muryar, ta ciniki, ragin fam 5,550 ya haifa, da shekara guda ta albashi. A lura kuma, shekara ukun da Amurka ke kira hanzari ita ce tafiyar yau da kullum a Ingila da Nijar.

Dabarar Amurka ta ɗan fi wannan wayo. Darasin mako biyar mai sa'a huɗu a mako sa'a 20 ce a gaban malami, inda aka saba 40 zuwa 45. Hujjar ita ce babba ba ya buƙatar a tsare shi, zai yi sauran a gida da cikin ƙungiyar abokan karatunsa. Ita ƙungiyar "cohort" ake ce mata, sunan rundunar sojan Rum, kashi ɗaya cikin goma na babbar runduna. Da Hausa ayari ya fi dacewa, tunda tare ake tashi tare ake sauka. Wanda ya fi kowa yaɗa wannan salo shi ne John Sperling, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa da ya zama malamin tarihi a San José. Ya fara da 'yan sanda da malaman makaranta, ya kafa Jami'ar Phoenix a 1976 a matsayin kasuwanci, kuma zuwa 2010 ɗalibanta sun haura 400,000. A 2019 ta amince da sulhun dala miliyan 191 da hukumar kula da ciniki ta tarayya kan tallace-tallacen da aka ce sun ruɗi mutane game da samun aiki. Harshen talla ne ya jawo, ba tsawon darasi ba.

Sana'a ta gaba ba ta da alaƙa da sauri ko kaɗan, ƙirgar tafiyar baya ce. Tun 1967 akwai jarrabawar CLEP, wadda mutum zai zauna na kimanin minti 90, in ya ci a rubuta masa kiredit ɗin darasin da bai taɓa shiga ba. Akwai kundin da ma'aikaci ke haɗawa na abin da ya koya a bakin aiki, malamai su duba su yi masa kuɗi da kiredit. Horon soja ma ana auna shi haka. Jihohi uku sun kafa makarantu musamman don wannan haɗe-haɗen: New York a 1971, wadda yanzu ake kira Excelsior, New Jersey a 1972 da sunan Thomas Edison, sai Charter Oak a Connecticut a 1973. Faransa ta fi kowa nisa, dokarta ta Janairun 2002 ta ba da damar a samu cikakkiyar takarda ta hanyar tabbatar da ƙwarewar aiki a gaban kwamiti. Mutumin da ya shekara 15 yana riƙe da littafin kuɗin kamfani, aka yafe masa darasin akanta na farko, bai yi gudu ba. Ya riga ya taka hanyar ne babu mai rubutawa.

Akwai kuma masu jefar da agogon. Gwamnoni 19 na yammacin Amurka sun kafa Western Governors University a 1997. Ana biyan kuɗi ɗaya na wata shida, mutum ya ci jarrabawar darussa iya yawan da zai iya, ranar da ya nuna ya iya ranar ya wuce. A nan dai zangon ya cika wata shidan da Latin ta yi alkawari. Amurkawa na ganin wannan sabon abu ne. Ɗan makarantar allo ba zai gani haka ba, domin ba a taɓa yi wa kowa sauka don ya cika shekara kaza a gaban malam ba. Wani ya wanke allonsa yau, wani sai jibi.

A gida, sunayen da muke da su na karatun ma'aikata duk na tafiyar hawainiya ne. Mafi daɗinsu "sanwic". John Montagu, hakimin Sandwich na huɗu a Ingila ta ƙarni na 18, shi aka raɗa wa burodi biyu da nama a tsakiya sunansa. A jami'o'in Ingila, kwas ɗin sanwic karatu ne sama da ƙasa, shekarar aiki a tsakiya. Da kalmar ta iso Najeriya da Ghana sai ta kife: aikin koyarwa ne burodin, karatun da malamin makaranta ke yi a dogon hutu shi ne naman. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya LVT ake cewa, karatun dogon hutu. Ita kuwa NOUN, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita zamanin Obasanjo, 'yan jaridarmu sun yi mata suna mafi gaskiya fiye da nata na Turanci, jami'ar karatu daga gida.

Hanzarinmu na ainihi yana wurin da ba mu kira shi hanzari ba. Mai NCE ko difloma da ya cike DE a JAMB ya faɗa aji biyu kai tsaye, ƙirgar tafiyar baya aka yi masa, daidai da abin da Excelsior ke yi, sai dai mu takarda kawai muke ƙirgawa. Shekara 20 a bakin aiki ba ta rage wa kowa zango ɗaya.

Garaje ma yana da nasa. A Disamban 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya bayyana yadda ya sayi digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, ba tare da ya shiga aji ba, har ya samu shiga bautar ƙasa da shi. A farkon Janairun 2024 Ma'aikatar Ilimi ta Najeriya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo, masu gaskiya da marasa ita duka. Turawa na kiran irin waɗannan wurare injin niƙan difloma, ita kuwa "diploma" da Girkanci takarda ce da aka ninka biyu, ba ta taɓa yin alkawarin akwai wani abu a cikin kan mai riƙe da ita ba. Bakin mutane bai wahalar da kansa ba, ya ɗauko sunan da ya riga ya ba motoci, ya ce digiri ɗan Kwatano. Illar ita ce, tun daga nan duk wanda ya ce ya gama cikin wata 18 sai an ɗaga masa gira, ko da shekara 15 ya yi yana tara abin da aka ƙirga masa.

A mafi yawan jami'o'in Amurka kalmar totur a allon talla take tsayawa, ba ta hawa takardar. Wanda ya yi shekara huɗu a ɗakin kwanan ɗalibai da wadda ta yi wata 20 a teburin kicin, rubutu ɗaya ake ba su. Sabuwar sana'ar da ta shigo ce ta tayar da rigimar suna, domin ita kayan take ragewa. A 2023 hukumar tantance jami'o'in arewa maso yammacin ƙasar ta amince wa BYU-Idaho da Ensign College, makarantun cocin Mormon, su ba da digiri mai kiredit 90 da 'yan kai, aka zubar da yawancin darussan zaɓi, aka fara a 2024 ta intanet. A arewa maso gabas kuwa, makarantun da aka yarje wa irin wannan sun ɗora wa tuzurun laƙabi don a bambance shi da mai 120, wata ta ce na aikace, wata ta ce mai fuskantar sana'a. Shirin na Mormon yana da ɗalibai da yawa a Najeriya da Ghana. Idan suka kai takardunsu tantancewa a Abuja ko Accra, jami'in da ke kan teburin sai ya buɗe takardar sakamako ya haɗa lambobin da kansa kafin ya san wane tuzurun aka kawo masa.